Kanar Ephraim Williams (1715-1755): Rayuwarsa, Mutuwarsa da Wasiyyarsa

 A wannan karo zan ɗauke ku zuwa Amurka, amma Amurka ta zamanin da ita ma take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, tun kafin ta yi shelar 'yancin kanta a 1776. Mutumin da zan ba da tarihinsa shi ne Kanar Ephraim Williams, wanda aka harbe a fagen fama yana da shekara 40 a duniya. Idan aka auna shi da ma'aunin soja, bai yi wani abin a zo a gani ba. Duk da haka a yau akwai gari mai sunansa, akwai kuma kwaleji mai sunansa wadda ake lissafa ta cikin fitattun makarantun Amurka. Yadda aka yi hakan ta faru shi ne abin da ya ja hankalina.

Kafin in shiga labarin, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi biyu, tun da yake mu ɗaliban harshe ne. Williams bai kasance cikin sojojin Sarkin Ingila masu jar riga waɗanda aikinsu ke nan dare da rana ba. Shi hafsa ne na abin da Turawa ke kira milishiya, wato manoma da maƙera da 'yan tireda da lardi kan tara idan yaƙi ya taso, su ɗauki bindiga na wasu watanni, sa'an nan su koma gonakinsu. Kalmar da ta fi kusa da wannan a Hausa ita ce dakarun sa-kai, ko da yake a can doka ce ta wajabta wa kowane namiji baligi ya shiga, saboda haka sa-kan nasu akwai tilas a ciki. Kalma ta biyu ita ce sunan mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. A tsofaffin littattafan Hausa da hirar 'yan kallon fim za ka ji ana cewa Indiyawan daji. Ni dai wannan suna bai kwanta mini ba, domin mutane ne masu garuruwa da gonaki da majalisu. Zan riƙa kiransu 'yan asalin ƙasa, ko in ambaci sunan ƙabilarsu.

An haifi Ephraim Williams a garin Newton, kusa da Boston, cikin lardin Massachusetts, ranar 7 ga Maris, 1715. Mai karatu zai iya cin karo da wani littafin da ya ce 24 ga Fabrairu, 1714. Duk rana ɗaya ce. Ingila da ƙasashen da take mallaka sun sauya kalanda ne a 1752, shi ya kawo bambancin. Mahaifiyarsa, Elizabeth Jackson, ta rasu a 1718 yana ɗan shekara 3, sai kakanninsa na wajen uwa suka ɗauke shi riƙo. Bai yi karatu mai zurfi ba. Yana saurayi ya shiga aikin jirgin ruwa, ya je Ingila da Holan da Sifen. Waɗanda suka san shi sun bayyana shi da cewa ƙaton mutum ne mai jiki, mai fara'a da son hira, kuma sojojinsa suna ƙaunarsa domin yakan shiga cikinsu a yi wasa. An kuma ce rashin ilimi mai zurfi ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa yin aure ba.

Gidansu kuwa babban gida ne a yammacin Massachusetts. Dangin Williams sun cika coci-coci da kotuna da rundunonin yankin kogin Connecticut, kuma babban jigonsu shi ne ɗan'uwansa Israel Williams na garin Hatfield, wanda kusan babu muƙamin da ake rabawa a yankin ba tare da ya sa baki ba. Duk muƙamin da Ephraim ya riƙe, da wuya ka raba shi da wannan gata. Hausawa sun ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya, kuma dangin Williams sun yi shanyarsu son rai.

Wurin da aka fi ganin haka shi ne garin Stockbridge. An kafa wannan gari ne a shekarun 1730 domin 'yan ƙabilar Mohican su zauna tare da wani ɗan mishan mai suna John Sergeant, a koya musu addinin Kirista da karatu. Hukuma ta zaɓi gidaje 4 na Turawa su zauna a cikinsu don su zama abin koyi, kuma gidan mahaifin Ephraim na cikinsu. Ƙanwarsa Abigail ma ta auri shi Sergeant ɗin. To amma baƙon da aka kawo don ya zama abin koyi sai ya zama mai cin iyaka. Tsohon ya yi ta tara filaye, 'yan Mohican suka yi ta kai ƙara ga majalisar lardi a Boston. Ephraim ƙarami ya dawo Stockbridge ya zauna, ya koyi aikin safiyo, wato awon ƙasa, wanda a irin wannan wuri shi ne mabuɗin arziki. A 1744 shi ne ya wakilci garin a majalisar lardi.

A wannan shekara ce yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa, wanda a Amurka ake kira Yaƙin Sarki George (1744-1748). Faransawa na riƙe da Kanada a arewa, kuma su da abokan ƙawancensu na cikin 'yan asalin ƙasa sukan gangaro su afka wa ƙauyukan bakin iyaka. Massachusetts ta gina jerin ƙananan sansanoni na gungumen itace a kan iyakarta ta arewa maso yamma, aka naɗa Williams kyaftin, aka danƙa masa kula da su. Wanda ya fi kowanne shiga cikin hatsari shi ne sansanin da aka sa wa suna Fort Massachusetts, a bakin kogin Hoosic, inda garin North Adams yake a yanzu. An gina shi ne a fadama, tuddai na kallonsa daga sama, ta yadda maharbi zai iya leƙa cikinsa.

A watan Agusta na 1746 wani hafsan Faransa mai suna Rigaud de Vaudreuil ya iso da mayaƙa sama da 700. A cikin sansanin akwai maza 22 kacal, da mata 3 da yara 5, kuma yawancin mazan suna kwance da ciwon atuni. Kyaftin Williams ba ya nan, ya tafi wajen shirye-shiryen wani hari da ake niyyar kai wa Kanada, harin da a ƙarshe ba a ma kai shi ba. Saje John Hawks ne ya riƙe wurin. Suka yi ta musayar wuta fiye da kwana guda, har albarushi ya kusa ƙarewa, sa'an nan suka miƙa wuya ranar 20 ga wata. Aka ƙone sansanin, aka kora mutanen zuwa Kanada. A kan hanya wata mata daga cikinsu ta haihu, limamin sansanin, John Norton, ya yi wa jaririyar baftisma da wani suna na Turanci mai ma'anar zaman kamu. Uwar da 'yar duka sun rasu a tsare a Quebec, kuma kusan rabin waɗanda aka kama ba su dawo gida ba. Ba za a ce laifin Williams ne da ba ya nan ba, tun da aikin hukuma ya fitar da shi. Amma sansanin da aka bari da marasa lafiya da ƙarancin harsashi, ai akwai tambayar da shugabansa zai amsa. An sake gina wurin a 1747, kuma da aka sake kawo hari a Agusta 1748 yana nan, suka kuma kore maharan. A duk tarihinsa na soja wannan ce ranar da za a iya cewa ya yi nasara da hannunsa.

Da aka yi sulhu, sai ya koma neman dukiya. Majalisar lardi ta ba shi fili kimanin eka 200 a kusa da sansanin bisa sharaɗin ya gina wurin niƙa da na yankan katako. Ya kuma sami filaye a wani sabon ƙauye da ake yankawa a yamma da sansanin, mai suna West Hoosac, inda da yawa daga cikin sojojinsa suka sami fuloti. Akwai wani ɓangare na dukiyar tasa da tsofaffin marubuta tarihinsa suka riƙa tsallakewa, ni kuwa a matsayina na ɗan Afirka ba zan tsallake ba. Williams ya mallaki bayi baƙar fata. Akwai takardar ciniki ta 1750 da ke nuna ya sayar wa Israel Williams wani yaro mai suna Prince, ɗan kimanin shekara 9. Mutumin da ake yabo da son ilimin yara, ga shi ya sa hannu a takardar sayar da yaron da ya isa shiga aji uku na firamare.

Haka kuma batun makaranta a Stockbridge. Bayan rasuwar Sergeant a 1749, aka kawo shahararren malamin addinin nan Jonathan Edwards a 1751 don ya gaje shi. Ephraim na cikin waɗanda suka ƙi wannan naɗi, kuma ɗaya daga cikin dalilansa zai ba ɗalibin harshe sha'awa: ya ce Edwards ya tsufa da koyon harshen mutanen. A nan kam yana da gaskiya, domin da tafinta Edwards ya yi ta wa'azi. Amma rigimar ta wuce batun harshe. Akwai makarantar kwana da wani mai taimako daga Ingila, Isaac Hollis, yake aiko wa kuɗi domin 'ya'yan 'yan asalin ƙasa, har 'yan ƙabilar Mohawk sun fara kawo 'ya'yansu daga nesa. Edwards ya zargi dangin Williams da mai da makarantar saniyar tatsa. Ana cikin wannan ja-in-ja ginin makarantar ya ƙone a 1753, 'yan Mohawk suka gaji suka kwashe 'ya'yansu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu sake haɗuwa da 'yan Mohawk, za mu kuma sake jin batun makaranta.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. A 1754 aka sake gwabzawa, kuma a 1755 Ingila ta shirya kai hari ta fuskoki da dama. Ɗaya daga ciki shi ne a kama sansanin Faransawa da ke Crown Point a bakin tafkin Champlain. Aka ba William Johnson jagorancin wannan runduna. Shi Johnson ɗan ƙasar Ailan ne, ɗan kasuwa da ya zauna cikin 'yan Mohawk har ya iya harshensu, amma bai taɓa jan babbar runduna zuwa yaƙi ba. Aka naɗa Williams kanar, aka ba shi ɗaya daga cikin rundunonin Massachusetts. Ƙanensa Thomas, wanda likita ne, shi ne likitan rundunar.

Suna zaune a Albany suna jiran kayan yaƙi sai ga mummunan labari: ranar 9 ga Yuli an yi wa Janar Braddock da ƙwararrun sojojin Ingila kaca-kaca a dajin kogin Monongahela, shi kansa Braddock ya mutu daga raunin da ya samu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 22 ga Yuli, 1755, Williams ya zauna ya rubuta wasiyyarsa. Bayan ya raba wa 'yan'uwa abin da ya raba, har da bayinsa a cikin kayan gado, sai ya ce ragowar dukiyar a yi amfani da ita wajen kafa makarantar kyauta a West Hoosac. Ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, a tabbatar ƙauyen ya faɗa cikin Massachusetts, domin a lokacin New York ma tana cewa nata ne. Na biyu, a sauya wa ƙauyen suna zuwa Williamstown. Mutumin da ba shi da mata ba shi da ɗa, ta wannan hanya ya nemi wanda zai riƙe masa suna. Kwana 48 suka rage masa a duniya.

A ƙarshen Agusta rundunar ta isa bakin wani tafki da Faransawa ke kira Saint Sacrement, Johnson ya sauya masa suna zuwa tafkin George don girmama sarkinsu. Suka yi zango a nan ba tare da sun yi wata katanga ta kirki ba. A baya, kimanin mil 14 kudu, sun bar wani sabon sansani wanda daga baya aka sa wa suna Fort Edward. Su ba su sani ba, ashe kwamandan Faransa, Baron Dieskau, wani gogaggen soja haifaffen Jamus, ya zagayo ta cikin daji da mutum kimanin 1,500, ya shiga tsakaninsu da wannan sansani. Cikin mutanensa ƙwararrun sojojin Faransa ba su fi 200 da 'yan kai ba. Sauran dakarun sa-kai ne na Kanada da mayaƙan 'yan asalin ƙasa. Niyyarsa ita ce ya afka wa Fort Edward, amma 'yan asalin ƙasar suka ƙi, saboda ba su son tunkarar igwa. Sai ya juya ya nufi zangon Johnson.

Da safiyar 8 ga Satumba Johnson ya tara hafsoshinsa. Shawarar farko ita ce a fitar da ƙungiya biyu, kowacce mutum 500, su bi hanya daban-daban. A nan ne wani dattijo ya sa baki, wato Hendrick Theyanoguin, shugaban 'yan Mohawk da suka zo taimakon Ingila. Wannan mutum ya haura shekara 60, ya taɓa zuwa Landan, kuma shi ne ya tsaya a taron Albany na 1754 ya faɗa wa gwamnonin Turawa a gabansu cewa sun yi sakaci da tsaron iyakarsu. Ana ba da labarin cewa ya ɗauki sanda ɗaya ya karya, sa'an nan ya haɗa sanduna da yawa ya nuna ba su karyuwa. Aka ji maganarsa aka haɗe ƙungiyoyin. Da aka nuna masa yawan mutanen, an ce ya nuna cewa in don su yi yaƙi ne sun yi kaɗan, in kuwa don su mutu ne sun yi yawa. Wannan karon ba a saurare shi ba. Duk da haka bai zauna ba. Saboda tsufa da nauyin jiki Johnson ya ba shi aron doki, ya shiga gaba da mayaƙansa kimanin 200.

Williams ne aka ba jagorancin mutum 1,000 ɗin. Ya fita da misalin ƙarfe 8, ya yi 'yar tafiya, ya tsaya jiran sauran rundunar da ke ƙarƙashin Laftanar Kanar Nathan Whiting na Connecticut. Wannan jira ya ba Dieskau isasshen lokacin shirya kwanton ɓauna. Ya jera mutanensa cikin kurmi a gefe biyu na hanya, a wani kwazazzabo kimanin mil 3 daga zango, ya toshe gaba da ƙwararrun sojojinsa, kamar bakin buhu. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan shi ne, Williams bai tura 'yan leƙen hanya gaba ko gefe ba. Mutumin da ya shekara 10 yana tsaron bakin daji, wanda kuma labarin Braddock ya girgiza shi har ya rubuta wasiyya, shi ne ya jefa mutum dubu cikin kurmi ido rufe. Mai yiwuwa ya ɗauka abokan gaba suna can nesa wajen Fort Edward, mai yiwuwa kuma ya dogara da 'yan Mohawk da ke gaba. Ko ma wanne ne, a ganina bai isa uzuri ba.

Abin da ya hana a gama da su gaba ɗaya shi ne bindiga ta tashi tun kafin dukkan rundunar ta shiga tarkon. A cikin mayaƙan Dieskau akwai 'yan Mohawk na Kanada, 'yan'uwan jini ga mutanen Hendrick, kuma shi Dieskau ya yi imani su ne suka tona asirin don kada su kashe danginsu. Nan take wuta ta tashi ta ko'ina. Aka harbe dokin Hendrick, tsohon ya faɗi, aka soke shi da wuƙar bakin bindiga yana ƙoƙarin tserewa. Williams ya hangi wani tudu a damansa, ya nufe shi yana kiran mutanensa su biyo shi, bai san akwai maharba a kansa ba. Harsashi ya same shi a kai, ya faɗi matacce tun a farkon faɗan. Mutanensa suka ja gawar suka ɓoye a cikin ciyayi don kada a yi mata wulaƙanci. Whiting ne ya tattara waɗanda suka rage, suna harbi suna ja da baya har zango.

A can kuwa ƙarar bindigogi ta farkar da Johnson, aka yi maza aka tare gaban zangon da kekunan kaya da kwale-kwale da itatuwan da aka sare, aka jera igwa. Dieskau ya tunkare su da sojojinsa a fili, igwa ta yi musu ɓarna. Johnson ya sami rauni, Phineas Lyman ya karɓi jagoranci har la'asar. Dieskau ma an harbe shi fiye da sau ɗaya, aka kama shi. Da yamma wata ƙungiya daga Fort Edward ta afka wa Faransawan da suka koma wurin faɗan safe, aka zuba gawawwaki a wani kududdufi da har yau sunansa na Turanci ke nufin kududdufin jini. Kowane ɓangare ya yi asarar mutum sama da 200 idan aka haɗa matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, kuma yawancin matattun ɓangaren Ingila a faɗan safe suka faɗi. 'Yan Mohawk sun rasa mutum fiye da 30, suka koma gida zaman makoki. Sarkin Ingila ya ba Johnson sarauta, majalisa ta ba shi fam 5,000. Crown Point ɗin da aka fito dominta kuwa, sai a 1759 ta faɗa hannun Ingila.

Wasiyyar ta daɗe tana jira. An sa wa ƙauyen suna Williamstown a 1765, amma rigimar iyaka da New York ta ja lokaci, ga kuma yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda a cikinsa masu riƙon wasiyyar, Israel Williams da John Worthington, suka kasance masu goyon bayan Sarki. Sai a 1785 aka kafa kwamitin amintattu. Kuɗin, dala dubu 9 da 'yan kai, bai isa gini ba, sai da aka haɗa da gudummawar mutanen gari da cacar tikiti. Makarantar ta buɗe a 1791, shekara 36 bayan mutuwarsa. Ba ta daɗe a matsayin makarantar kyauta ta 'ya'yan ƙauye kamar yadda ya nufa ba, domin a 1793 amintattun suka sami izinin mai da ita kwaleji, Ebenezer Fitch ya zama shugabanta na farko. Cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai James Garfield, wanda ya zama shugaban Amurka a 1881. Baƙar fata na farko da ya kammala karatu a kwalejin shi ne Gaius Bolin, a 1889, mata kuwa sai wajen 1970 aka fara ɗaukarsu sosai. 'Yan Mohican na Stockbridge tuni suka rasa filayensu suka bar garin a shekarun 1780. Zuriyarsu a yau tana can jihar Wisconsin.

An binne Williams a gefen hanya kusa da inda ya faɗi. A 1854 tsofaffin ɗaliban kwalejin suka kafa alama a kan wani dutse da ake cewa a nan aka harbe shi, a 1920 kuma aka kwashe abin da ya rage na ƙasusuwansa aka kai cocin kwalejin a Williamstown. 'Yan wasan makarantar har yau da guntun sunansa ake kiransu, wato Ephs. Shi kuwa Hendrick, a 1903 aka kafa masa mutum-mutumi a filin dagar tafkin George, yana tsaye kusa da Johnson yana ba shi shawarar nan ta safiyar 8 ga Satumba.